Tambayi Malamin Daji: Irin fayin ya ƙi fita, wai bakteriya ce maganin?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin sun zo kan abu ɗaya kaman an haɗa baki, wato bakteriya da bishiyar fayin (pine) mai ganye kaman allura, shi yasa na tara su wuri guda. Masu tambaya kan gara da ke cin dashen mangwaro ku yi haƙuri, ina sane da ku.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni ina Gembu ne a tsaunin Mambila, muna da ƙungiyar matasa muna so mu maida bishiyoyi a wani gangare da zaizaya ta cinye, sai muka sayi irin fayin a hannun wani mutum muka zuba a leda guda 2,000, wallahi waɗanda suka fito basu kai 400 ba, suma bayan kaman sati biyu sai muka ga suna zubewa ɗaya bayan ɗaya kaman an yanka su a wuya. Wani ƙanenmu da ke jami'a yace akwai wata bakteriya da ake shafa wa iri ya fito da ƙarfi, a ƙasashen waje da ita ake gyara daji. Dan Allah gaskiya ne? Kuma ina zamu samu?

AMSA: Wa alaikumus salam, sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka. Ƙanenku bai yi ƙarya ba, amma bari in fara raba muku abu biyu da kuka haɗa, don rashin fitowar iri daban, zubewar tsiro bayan ya fito daban, kuma bakteriyar nan ta fi ƙarfi a na biyun.

Na farko, leda 1,600 da ba abin da ya fito, ni zargina yana kan irin ne kansa. Irin fayin ƙanana ne sosai, na Pinus caribaea wanda aka fi shukawa a ƙasar nan kilo ɗaya yana ɗauke da ƙwaya sama da 50,000, kuma da yawa a ciki sukan zo fanko, ɓawo ne kawai ba komai a ciki, musamman in an tsinko shi daga bishiya ɗaya tilo da bata samu barbara daga ƴan'uwanta ba. Sannan in an aje shi a shago cikin zafi da laima wata da watanni, mutuwa yake yi a hankali alhali a ido yana nan fes. Toh iri in ya mutu ko ka yi masa wanka da bakteriyar duniya ba zai tashi ba. Shi yasa kafin ku cika leda ko ɗaya, ku ƙirga ƙwaya 100, ku jiƙa kwana ɗaya, ku shimfiɗa kan tsumma mai laima ku rufe, ku aje a inuwa ku riƙa yayyafa ruwa, daga sati ɗaya zuwa uku za ku ga nawa suka fasa. Wasu 20 kuma ku tsaga da reza, mai rai cikinsa fari ne cike da tauri, mataccen ko dai ba komai ko ya yi ruwan ƙasa. Aikin da bai ci ko sisi ba amma da ya cece ku asarar leda da ƙasa da ban ruwa.

Na biyun, wato zubewar nan daga wuya, wannan ciwo ne sananne a duk wurin renon dashe, fumfuna ce da ke zaune a ƙasa, irinsu Fusarium da Pythium da Rhizoctonia, suna kama ɗan tsiron daidai inda ya haɗu da ƙasa tun karansa yana ruwa-ruwa bai yi itace ba, wajen ya ruɓe ya tsuke shikenan sai ya kife. Wani lokaci ma tun a cikin ƙasa suke cinye shi kafin ya leƙo, kai kana ganin iri ne bai fita ba. Abin da suke so shi ne ruwa ya yi yawa, inuwa ta yi duhu, iska bata ratsawa, an zuba iri a cunkushe, an kuma cika taki ɗanye ko toka. Fayin ƙasa mai ɗan tsami yake so, a ma'aunin pH wajen 5 zuwa 5.5, ita kuwa toka kashe tsamin take yi, sai ka buɗe wa ciwon ƙofa da hannunka kana ganin gata kayi.

Anan ne bakteriyar ke shigowa. Saiwar kowane tsiro tana fitar da wani ɗan ruwa mai suga da sauran abinci, sai ƙwayoyin halitta su taru kewaye da ita kaman ƙudaje a bakin mai rake, wani Bajamushe Lorenz Hiltner ne ya fara ba wannan ɗan zagayen suna tun 1904. A cikin masu taruwar akwai mugaye akwai na kirki akwai ƴan kallo. A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Joseph Kloepper da Milton Schroth, suka raɗa wa na kirkin sunan da ake kiransu da shi har yau a taƙaice, PGPR, ma'ana bakteriyar saiwa mai taimaka wa tsiro girma. Fitattu a ciki sune Bacillus subtilis da Pseudomonas fluorescens da Azospirillum da Paenibacillus polymyxa. Aikinsu ba ɗaya bane. Wasu suna fitar da sinadarin oksin wanda ke sa saiwa ta yi rassa da gashi da yawa, wasu suna narkar da fosfaras da ya maƙale a ƙasa tsiro ya samu ya sha, amma wanda ni ya fi burge ni shi ne yadda suke yaƙi da fumfuna, suna riga ta mamaye jikin saiwar ta zo ta tarar ba masauki, suna fitar da guba mai hana ta yaɗuwa, sannan Pseudomonas tana da wani wayo, tana sakin wani sinadari da ke damƙe ɗan baƙin ƙarfen da ke cikin ƙasa ta janye shi wajenta, fumfunar ta rasa ta zauna da yunwa. Kun ga kenan da an shafa wa irinku wata bakteriya mai kyau daga cikinsu, akwai yiwuwar da yawa cikin 400 ɗin nan da sun tsira.

Amma fa kar in ɗora ku a keken ɓera. A Kanada akwai wani malami a Jami'ar British Columbia, Chris Chanway, shi da abokan aikinsa sun shafe shekaru tun wajen ƙarshen shekarun 1980 suna gwada irin waɗannan ƙwayoyi kan fayin da danginsa, kuma abin da ya yi ta fitowa shi ne abin yana da zaɓe, ƙwayar da ta taimaki wannan iri a wannan ƙasa ka kaita wani wuri ta yi shiru, wani sa'in har ta rage girma. A ɗakin gwaji sakamako yakan yi kyau, a fili kuma yau ya yi gobe bai yi ba. Don haka duk wanda yazo muku da kwalba yace tabbas iri zai fita ɗari bisa ɗari, ku riƙe aljihunku.

Yanzu ga abin da ƙanenku bai faɗa muku ba, kuma a wajena ya fi bakteriyar muhimmanci. Fayin baya rayuwa shi kaɗai, dole sai da wata fumfuna ta kirki da ke naɗe ƙananan saiwoyinsa kaman safa, tana miƙa zare-zarenta cikin ƙasa nesa da inda saiwa zata kai tana kawo masa ruwa da fosfaras, shi kuma yana biyanta da suga, ana kiran wannan zaman maikoraiza. Mu nan asalin ƙasarmu babu fayin, baƙo ne, Pinus caribaea daga yankin su Honduras da Belize da Kuba da Bahamas ya fito, saboda haka fumfunarsa ma bata cikin ƙasarmu sai inda aka taɓa shuka shi. A tsibirin Puerto Rico sun yi shekaru suna shuka fayin yana fitowa lafiya ya kai ɗan tsawon yatsa ya yi rawaya ya tsaya cak ya mutu, an zuba taki a banza, sai a 1955 aka ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin dajin fayin na jihar North Carolina ta Amurka aka barbaɗa wa wasu tsirrai, waɗanda aka sa wa suka miƙe, waɗanda ba a sa wa ba suka bi sahun na baya. Mu ma nan da aka zo gwajin fayin a Afaka kusa da Kaduna da Miango a Filato sai da aka bi ta wannan hanyar, har daga baya aka gwada wata fumfuna mai jure zafi, Pisolithus tinctorius.

Ku kuna da sa'a tunda a Mambila akwai tsofaffin fayin. Ku nemi inda suke da lafiya kore shar, ku share busassun allurar ganyen nan na sama, ku kankaro ƙasar da ke ƙasansu kaman zurfin yatsa tare da ƴan guntayen saiwa, za ku ga wani farin zare kaman yanar gizo yana ƙamshin naman kaza, toh shi ake nema. Ku gauraya kwano 1 cikin kwano 9 na ƙasar leda, kar ku bari ta bushe a rana kafin ku yi amfani da ita. Kuma abin daɗin, wannan ƙasar da bakteriyarta take zuwa, wacce ta riga ta saba da fayin da sanyin Mambila. Wani Bafaranshe Jean Garbaye ya yi rubutu a 1994 kan wasu bakteriya da aikinsu shi ne taimaka wa ita fumfunar ta kama saiwa da wuri, kaman ƴan rakiyar amarya. Illar ɗebo ƙasa dai ita ce in dajin yana da ciwo kun kwaso har da shi, shi yasa nace mai lafiya. Bayan wata biyu zuwa uku ku fasa leda ɗaya ku duba, in kun ga ƴan gajerun saiwoyi masu kauri sun rabu biyu kaman gwafa, ta kama.

Batun ina za ku samu ta kwalba ko ta fakiti, ku fara da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa, FRIN, hedkwatarta na Ibadan, tana da kwaleji a Jos da kuma Afaka, ko sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ƙanenku yake. Kar ku yi odar ƙasa ko iri daga waje ta intanet ba tare da izinin hukumar killace kayan gona ba, a Afirka ta Kudu wani mugun ciwon fayin, Fusarium circinatum, a wurin renon dashe aka fara ganinsa a 1990 kuma har yau suna fama.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a Zariya ajin ƙarshe, furojet ɗina kan wannan ne, supabaiza ya bani Bacillus a kwalba yace in gwada kan irin fayin amma bai min bayanin yadda ake shafawa ba kuma kunya nake in koma in tambaya. Taimaka min.

AMSA: Lafiya lau ƴata. Kunyar nan ki aje ta a hostel ki koma ki tambaye shi, aikinsa ne, musamman ki tambayi ƙarfin abin da ke cikin kwalbar, yawanci ana so ya kai ƙwaya miliyan 100 a kowace mililita. Sauran kuma ga shi. Ki fara wanke irin, a ɗakin gwaji ana tsoma shi a ruwan haidurojin feroksaid ko bilic mai rauni na ɗan lokaci a ɗauraye sau da yawa da ruwan da aka dafa ya huce, don ki tabbata abin da kika gani aikin ƙwayarki ne ba na wata da ta biyo ɓawo ba. Sai ki jiƙa shi cikin ruwan bakteriyar na wasu awanni, ko ki dama ɗan ƙaro ya yi danƙo ki gauraya don ta manne, eh ƙaron nan dai da ake sa wa tawada, ko ruwan suga in babu. Ki baza a inuwa ya sha iska, ki shuka ranar, kar ya kwana kar rana ta gan shi. Ruwan famfo mai kulorin ki bar shi ya kwana a buɗe kafin ki yi ban ruwa. Kuma kar ki haɗa da garin maganin iri da ake shafa wa masara, in ba shi kike son gwadawa ba.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne rashin abin kwatance. Dole ki samu rukunin da kika yi wa komai iri ɗaya, wanki da jiƙo da ƙaro, amma ba bakteriya, don jiƙon kansa kaɗai yana sa iri saurin fita, in baki yi haka ba sai ki yaba wa Bacillus aikin da ruwa ya yi. Kowane rukuni ki maimaita shi aƙalla sau 4, ƙwaya 100 ko 50 a kowane faranti, ki cakuɗa wuraren ajiyarsu kar masu bakteriya duk su samu gefen taga. Ki riƙa ƙirga kullum har kwana 28, ki rubuta nawa suka fito, yaushe suka fito, nawa suka zube, a ƙarshe ki auna tsawon saiwa da nauyinta bayan ta bushe. Sau da yawa bambancin ba a yawan fitowa yake ba, a sauri ne da kuma saiwa. In kuma baki ga bambanci ba ki rubuta hakan, sakamako ne shi ma, kar ki gyara lamba don ta yi kyau.

Ki kuma duba wane fayin aka baki. Na ƙasashen sanyi kaman Pinus taeda na kudancin ƙasar Amurka sai an sa shi da laima a firij, digiri 1 zuwa 5, wata ɗaya ko biyu kafin ya farka, shi kuwa caribaea baya buƙatar wannan wahalar. Kuma kin yi dace da aka baki Bacillus, ita in ta ji wuya tana dunƙulewa ta yi ɓawo ta yi barci har yanayi ya gyaru, Pseudomonas bata da wannan dabarar, da yadda wutar nan take ɗaukewa sai ki iske ta mutu a firij.

TAMBAYA: Malam ni fa abin nan tsoro yake bani, bakteriya ba ƙwayar cuta bace? Mu da ake cewa mu wanke hannu saboda ita, yanzu kuma mu sa ta a gona da hannunmu? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya laifin fassara ne, mun saba cewa ƙwayoyin cuta kaman duk cuta suke sawa, alhali masu sa cutar ƴan kaɗan ne a cikinsu. Ɗan cokalin ƙasar gona mai kyau yana ɗauke da su miliyan ɗaruruwa. In kin sa daddawa a miya yau toh kin ci aikin Bacillus subtilis, ita ce ke ruɓar da kalwa ta bata wannan ƙamshin, nono ma bakteriya ce ke sa shi tsami. Hannu dai a ci gaba da wankewa bayan an taɓa, kar a shaƙi garin, kar a bar yara su yi wasa da shi. Kuma kafin wani ya tambaya, a'a, kar a jiƙa daddawa a zuba wa iri, sunan ɗaya ne amma dangin da aka zaɓa don saiwa daban ne, ga gishiri da maiƙo, ƙarshenta ka gayyato ɓera da kiyashi su cinye irin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni manomi ne daga wajen Daura, hamada na matso mu, na ga hoton dajin fayin a Facebook ya bani sha'awa, in na samu wannan bakteriya zai yi a wajenmu?

AMSA: Alhaji ba zai yi ba, gara in faɗa maka yanzu kafin ka kashe kuɗi. Fayin ɗin da ke yi a ƙasar nan yana son ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara da ƙasa mai zurfi, shi yasa ka ganshi a Jos da Mambila da wajen Kaduna, ku kuwa ruwanku bai kai nan ba ga rani wata bakwai zuwa takwas ga iskar hunturu. Bakteriya tana taimakawa ne a gefe, bata saukar da ruwan sama.

Amma kai ne ma ka fi kowa riba a wannan ilimin, don bishiyoyinku na gida tuni suna da tasu. Gawo da bagaruwa da dakwara dangin wake ne, in ka tono ƙaramin tsironsu a hankali zaka ga ƴan ƙululai a jikin saiwa irin na gyaɗa, ka fasa ɗaya in cikinsa ja-ja ne toh bakteriya ce a ciki tana aiki, tana kamo naitirojin daga iska tana maida shi taki. Irin wannan ce cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan take sayarwa masu noman waken suya da sunan NoduMax, amma ta waken suya ce kar a ɗauka a sa wa gawo. In zaka yi renon gawo a leda ka ɗebo ƴar ƙasa daga ƙarƙashin tsohon gawo ka gauraya, kaman yadda na faɗa wa mutanen Gembu. Shi matsalar fitarsa ɓawo ne mai tauri, ka ɗan kankare gefen da reza ko ka goga a dutse ka jiƙa kwana ɗaya, bagaruwa kuma a zuba mata ruwan zafi a barta ta huce a ciki, ko ka tsinto wanda ya bi ta cikin akuya a garke.

Kuma tsallaka iyaka kaɗan ka ga abin da maƙwabtanku na Maraɗi da Damagaram suka yi, tun wajen 1983 da wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma kan kututturan da ke tohowa a gona, a daina sare tohon a rage shi a bar biyu ko uku masu ƙarfi, yanzu ana maganar hekta wajen miliyan 5 da bishiyoyi kimanin miliyan 200, ba leda ba ban ruwa, saboda saiwar tana nan a ƙasa da duk ƙwayoyinta tun tale-tale. Ka fara zaga gonarka da rani ka ƙirga kututture nawa ke tohowa.

TAMBAYA: Malam akwai wata doguwar bishiya a makarantarmu mai ganye kaman allura, in iska ta kaɗa tana fito, ana ce mata fayin, zan iya ɗebo ƙasarta?

AMSA: Kar ka ɗebo tukuna. Wannan mai fiton kusan tabbas Casuarina ce, kama ce kawai amma ko dangi basu haɗa da fayin ba. Ka ja allurar ɗaya, in tana tsinkewa gaɓa-gaɓa kaman rake toh ita ce, na fayin na gaskiya allurai ne dogaye ba gaɓa, a ɗaure biyu ko uku ko biyar a gindi ɗaya. Ita Casuarina abokiyar zamanta wata bakteriya ce mai suna Frankia da ke yi mata ƙululai a saiwa, shi yasa take yi a rairayin bakin teku, a Senegal da ita aka tare yashi a gaɓar da ke tsakanin Dakar da Saint-Louis. In ita kake son renowa ɗebo ƙasarta, in fayin ne nemi fayin. Turo min hoton ganyen da ƴaƴan in gani.